Yadda Ake Zaɓen Sifirin Domin Ɗaga Bayan A-kori-kura

Duk wanda ya saba bin hanyar Mangu ko Bokkos lokacin haƙar dankalin turawa ya sha ganin wannan: Hilux ta taso daga kasuwa gindi a ƙasa, hanci a sama, kamar kare zai zauna. Da dare fitilunta na kashe wa masu tahowa ido. In ta faɗa rami sai ka ji "dum", aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, ya doki shasi. Mai motar yana shigowa Jos zai nufi gareji ya ce, "A ɗaga mini bayan nan." Wannan 'yar maganar ta ci kuɗin mutane da yawa, har da ni, domin ɗagawa iri-iri ce, kuma tsayin da motar za ta yi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Na farko shi ne nauyin da take yawo da shi kullum.

Tawa Hilux ce, samfurin da ake kira Vigo. Da bayanta ya zauna na kai ta wani gareji, mai garejin ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ganye uku za mu ƙara kowane gefe. Ko siminti buhu talatin ka ɗora ba za ta durƙusa ba." Ganye shi ne kowane ɗaya daga cikin dogayen ƙarafan da ake jerawa a kan juna su zama sifirin, wanda ke ɗaukar nauyin bayan mota. Aka samo ganyaye masu kauri na wata motar daban, aka datse su, aka huda tsakiyarsu da wutar walda, aka cusa. Mota ta miƙe, ni ma na miƙe da murna. In da kaya lafiya lau. In babu kaya kuwa, bayanta tutsu yake kamar jakin da ƙuda ya ciza. Na ɗauki Hajiyarmu zuwa Bukuru, ba mu yi rabin hanya ba ta ce, "Ɗan nan, mota ka sa ni ko raƙumi?" Wata rana da ruwan sama ina gangara Hawan Kibo ba kaya, na taka birki a kwana, bayan ya nemi ya riga gaban. Ba a rufa wata huɗu ba babban ganyen hagu ya karye, daidai inda gajeren ganye mai kaurin ya ƙare. Dalili kuwa a fili yake: ganyayen da aka ƙara ba sa lanƙwasa, saboda haka duk lanƙwasar ta taru wuri ɗaya a jikin babban ganye har ya gaji.

Fara da awo, kafin ka ga makanike

Ka tsayar da motar a kan daɓe mai lebur, tanki cike, babu kaya sai abin da ba ya sauka daga cikinta. Ɗauki tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodin da ke saman taya, duk ƙafa huɗun, ka rubuta. Kada ka auna daga ƙasa, domin iskar taya za ta ruɗe ka. Sannan ka yi mata lodin da ka saba, ka sake aunawa. Waɗannan lambobi takwas su ne za ka riƙa komawa kansu har aikin ya ƙare. In hagu da dama sun bambanta da fiye da santimita ɗaya da rabi, akwai gefen da ya fi gajiya, ko wani ganye ya karye a ciki.

Sai ka shimfiɗa kwali ka shiga ƙarƙashi da tocila. Sifirin mai lafiya yana da ɗan lanƙwasa kamar baka idan babu kaya. Wanda ya miƙe sambal, ko ya fara juyewa ya gantsare, ya gama aiki. Dubi robar nan da ke tare aksul kada ya doki shasi: in ka ga samanta ya yi sumul, ko inda take bugawa yana ƙyalli, motar tana yawan kaiwa ƙarshe. Dubi bushin, wato robar da ke cikin idon da ke kowane ƙarshen sifirin, na gaba da na baya, ko sun tsage ko sun zube. Dubi kusar tsakiya wadda ta haɗe ganyayen, wato senta bol. In ta karye aksul yana gocewa, shi ne za ka ga mota na tafiya a karkace kamar kaguwa. Wani lokaci abin da ake kira zaman baya ganye ɗaya ne ya karye, ko bushin ya mutu, kuma gyaransa bai kai rabin kuɗin sabon sifirin ba.

Kada kuma wani ya sayar maka da shokozoba a kan za ta ɗaga mota. Aikinta hana rawa ne. Nauyi yana kan sifirin.

Wane kaya kake ɗauka?

A nan ake yin kuskure mafi tsada, don haka bari in daɗe.

Kaya iri biyu ne. Akwai wanda ba ya sauka: rumfar ƙarfe, keji na ɗora kaya, akwatin kayan aiki, janareta da aka ɗaure, taya ta biyu, durom na man gas. Akwai kuma na lokaci-lokaci: dankali ranar kasuwa, siminti idan gini ya taso, ragunan layya sau ɗaya a shekara. Sifirin ana zaɓensa ne da nauyin da ba ya sauka. Masu ƙera sifirin na ɗagawa, irin su Old Man Emu da Dobinsons da Ironman 4x4, duk na ƙasar Ostareliya, haka suke karkasa kayansu: wannan na motar da galibi ba kaya, wannan na mai yawo da kamar kilo 300 kullum, wannan na mai kilo 500 ko fiye. In ka sayi na kilo 500 alhali kwana biyar a mako motarka fayau take, ka sayi irin wahalar da na sha, sai dai taka tana da fenti mai kyau. In kuma ka sayi mara nauyi ka riƙa danna masa tan guda, kafin damina ta zagayo ya koma inda tsohon yake.

Ka zauna ka yi lissafi da gaskiya. Buhun siminti kilo 50 ne. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, wato tanki mai lita 1,000 tan guda ke nan, ban da nauyin tankin. Durom ɗin gas mai lita 200 ya kai kilo 170 ban da ƙarfensa. Buhun dankali ba shi da tsayayyen nauyi, ya danganta da yadda aka ɗinke bakinsa, don haka ka sa a ɗora maka ɗaya a sikeli ka gani da idonka.

Sannan ka nemo 'yar farantin da kamfani ya manna a jikin ƙofa ko cikin bonet, wadda aka rubuta iyakar nauyin motar gaba ɗaya. In ka cire nauyin motar ita kaɗai, abin da ya rage shi ne rabonka, kuma a yawancin a-kori-kura irin su Hilux bai wuce tan ɗaya ko kusa da haka ba. A ciki har da kai direba, da yaran mota, da rumfar da ka walda. Siminti buhu talatin da aka yi mini alkawari kilo 1,500 ne, ya zarce da nisa. Sifirin mai ƙarfi zai hana gindin mota zama, amma ba ya ƙara wa aksul ƙarfi, ba ya ƙara wa birki kamu, ba ya canza bores na ƙafa ko shasi. Hasali ma haɗarinsa ke nan: da motar na durƙusawa ka san ka yi yawa, yanzu ta daina gaya maka. Tayoyi ma suna da nasu iyakar a rubuce a gefensu. Lamba 106 tana nufin kilo 950 kowace taya, 110 kuma kilo 1,060. Mai son ɗaukar tan biyu kullum, abin da yake bukata babbar mota ce irin Dyna ko Canter.

Inci nawa za a ɗaga?

Ga motar aiki, inci ɗaya da rabi zuwa biyu, wato milimita 40 zuwa 50 sama da tsayinta na asali, ya isa. Ka lura na ce na asali. In tsohon sifirin ya riga ya zauna da inci biyu, sabo mai ɗaga inci biyu zai ba ka huɗu daga inda take a yau. Mutane da yawa da suka zo neman ɗagawa, sifirin daidai da na kamfani kawai suke bukata, su ga motar ta dawo hayyacinta.

Abin da ya wuce inci biyu yana janyo dangi: farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa aksul, ta karkace, tiyon birki ya gaza, mota ta riƙa jirkicewa a kwana, kuma hanyoyin Filato ba su rasa kwana da gangara ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Abin da sifirin yake ɗagawa bodi ne da shasi, tulun aksul yana nan inda yake. In damuwarka ita ce dutsen da ke dukan tulun a hanyar gona, babbar taya ce kaɗai ke ɗaga shi.

Ka tuna da gaba. An ƙera a-kori-kura bayanta ya ɗan fi gaba tsayi idan ba kaya, domin in an yi lodi ta daidaita. In ka ɗaga baya sosai ka bar gaba, hancin zai duƙa. Gaban Vigo da Revo, Hilux ɗin da ta gaje ta, sifirin mai naɗi ne, shi ma ana samun na ɗagawa, amma wannan wani aikin ne da nasa lissafin.

Hanyoyin da za a kawo maka

Za a ce a buga tsohon da guduma a dawo masa da lanƙwasa. Yana ɗagawa, na wasu watanni. Ƙarfen da ya gaji ya gaji. In kuma ka ga an nufi wuta da shi, ka karɓe kayanka, domin ƙarfen sifirin gasa shi aka yi da awo a masana'anta, zafin wutar gareji yana kashe wannan gashin. Walda a jikin ganye ma haka, gefen waldar zai sake karyewa.

Za a ce a sa dogon shakul, wato ƙarfen da ke lilo da idon baya. Lissafinsa: abin da ka ƙara a tsawon shakul, kusan rabinsa kake samu a tsayi. Inci biyu ya ba ka ɗaya, kuma bai ƙara wa sifirin ƙarfin ɗaukar komai ba.

Za a ce a sa bulo na ƙarfe tsakanin aksul da sifirin. Kafin ka amsa, leƙa ka ga yadda taka take. In sifirin yana saman aksul, kamar a Hilux mai jan ƙafa huɗu, bulo yana ɗagawa. In yana ƙarƙashin aksul, kamar a wasu gajerun masu jan ƙafa biyu, bulo saukar da mota yake yi. Ko inda yake ɗagawar, yana ba aksul damar murɗa sifirin lokacin tashi da lokacin birki, kuma sifirin da ya mutu yana nan a mace. Bulo biyu a kan juna kuwa, kada ka yarda ko da kyauta.

Ƙarin ganye ɗaya ba laifi ba ne idan tsohon sifirin yana da sauran rai. Sharaɗin shi ne ya zama dogo, faɗinsa ɗaya da sauran, kaurinsa kusa da nasu, a jera shi a inda tsawonsa ya dace, a canza senta bol da mafi tsawo. Ɗaya na ce, ba uku ba.

Amma in sifirin ya miƙe, ko an taɓa samun karaya, a ganina babu abin da ya kai sabon ƙunshi gaba ɗaya, hagu da dama tare. Canza gefe ɗaya yana barin mota a karkace.

A kasuwa

In za ka shiga Dilimi a Jos, ko wajen 'yan kayan gyara na Farin Gada, kada ka tafi da sunan mota kawai. "Na Hilux" ba awo ba ne. Vigo, wadda aka yi daga 2004 zuwa 2015, da Revo da ta gaje ta, duk Hilux ne, amma sifirin Revo ya fi tsawo da kusan santimita 10. Mafi sauƙi ka kwance guda ka tafi da shi a keke. In ba hali, ka rubuto waɗannan: tsawo daga tsakiyar idon gaba zuwa senta bol, kana bin lanƙwasar ganyen da tef, daga senta bol zuwa idon baya, faɗin ganye, wanda a waɗannan Hilux ɗin milimita 60 ne, faɗin ramin ido, yawan ganyaye da kaurinsu. Awo biyun farko daban-daban ake yinsu domin senta bol ba lallai ya kasance a tsakiya cif ba, kuma shi ke yanke inda taya za ta zauna a cikin ramin bodi. In ya goce da inci ɗaya, taya za ta riƙa gogar bodi, farfela kuma ta matse ko ta zaro.

Zurfin lanƙwasa kuma haka ake auna shi: kifa sifirin a ƙasa idanunsa na sama, ja igiya daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, ka auna daga igiyar zuwa saman babban ganye wajen senta bol. Yi wa duka biyun da za ka saya. In ba su zo ɗaya ba, ka ce a sauya, sai dai in masana'anta ce ta rubuta hagu da dama a jikinsu, domin wasu suna ƙara wa gefen tanki ɗan tsayi da gangan.

Ga mai motar da wata rana kaya wata rana fayau, wanda shi ne yawancinmu, ka nemi mai hawa biyu: ganyaye sirara a sama masu aiki kullum, da kauri ɗaya ko biyu a ƙasa waɗanda ba sa taɓa na sama sai nauyi ya sauko. Za ka gane shi da ratar da ke tsakanin bakin ganyen ƙasa da sauran. Akwai kuma mai ganye biyu ko uku masu kauri a tsakiya da sirancewa zuwa baki. Yana da laushin tafiya kuma ba shi da nauyi, amma in ɗaya ya karye a ƙauye ba ka da sauran da za su riƙe ka zuwa gari, samun madadinsa ma aiki ne.

Batun sabo ko Beljiyam, kowanne da nasa. Na Beljiyam na asali da bai sha wuya ba ya fi sabo mara suna. Sai dai ka goge shi da tsumma ka duba: tsatsa mai rami, tsaga kusa da ido ko kusa da senta bol, kwarin da bakin wani ganye ya ci a jikin na samansa, ko alamar guduma. Sabon baƙin fenti a kan tsohon sifirin tambaya ce, ka kankare kaɗan ka ga abin da ke ƙasa. Wani dattijo mai shago ya taɓa ce mini, "Alhaji, in ka ga yana sheƙi fiye da sabo, to kwalliyar kasuwa ce."

'Yan rakiya

Sifirin ba ya tafiya shi kaɗai, kuma a nan ne mutum ke cewa a bari sai wani watan. Yu-bol, ƙarafan nan masu kamar ƙugiya da ke ɗaure sifirin da aksul, sabbi ake sawa. Tsoho ya riga ya miƙe, zarensa ya ci, kuma in sabon ƙunshin ya fi kauri ba zai ma kai ba. Bushin ma sabbi. Na roba baƙi ba a shafa masa giris ɗin mota, yana cinye shi. In ya ƙi shiga, ruwan sabulu ya isa. Mai launin ja ko rawaya kuwa yana son nasa giris ɗin, in babu sai ya dame ka da ƙara.

Shokozoba ta asali takan gaza idan an ɗaga inci biyu. Za ta riƙa kaiwa ƙarshen miƙewarta a kowane rami har ta fashe ko ta tsinke kunnenta. Ka sayi wadda aka yi domin wannan tsayin, amma ba mai tsawon da za ta ƙure kafin aksul ya taɓa robar tarewa ba.

Sai birki, wanda ba na wasa da shi tun ranar Hawan Kibo. A ɗaga shasi har aksul ya rataya gaba ɗaya, ka kama tiyon birki da hannu. Dole ya kasance da sauran sassauci. In ya miƙe kamar tsirkiya, a canza da mai tsawo. Haka wayar hambirki, haka wayar ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa lokacin birki, in akwai. A motocin da ba su da ABS kuma akwai wani bawul a jikin shasi, da siririn ƙarfe da ya taho daga gare shi zuwa aksul. Aikinsa ya ji nauyin kaya: in baya ya sauka ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ya tashi ya rage. Da ka ɗaga mota, bawul ɗin zai ɗauka kullum fayau take, ya rage birkin baya ko da kana ɗauke da tan guda. Maganinsa a ɗaga mazaunin ƙarfen a jikin aksul daidai da abin da aka ɗaga motar. Yawancin gareji ba sa taɓa shi sai ka yi magana.

Ranar ɗaurawa

Tun daren jiya a jiƙa notuna da mai. A tare tayoyin gaba, a ɗora shasi a kan matokari na ƙarfe ko katako mai kauri. Ba bulon siminti ba, kuma ba jak shi kaɗai ba, domin mutum zai shiga ƙarƙashi. Jak aikinsa riƙe aksul. A yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, don kada aksul ya kubce.

A kwance ƙasan shokozoba, a cire yu-bol, a raba aksul da sifirin, sannan shakul da kusar gaba. Wajen mayarwa idon gaba ake fara sawa, kuma a yawancin motoci gefen da ya fi gajarta daga senta bol shi ne gaba. Ka tsaya ka ga kan senta bol ya faɗa raminsa a mazaunin aksul kafin a fara ɗaure yu-bol, a kuma ɗaure notunan huɗu a hankali, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Notunan bushin kuwa a kama su sama-sama kawai. Sai an sauke mota, nauyinta ya hau tayoyinta, an girgiza ta sau biyu uku, sannan a ƙarasa ɗaure su. In aka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, wata biyu ta tsage.

Da ta sauka, dubi shakul. Ya kamata ya sami wurin liluwa baya idan sifirin ya miƙe da kaya. In ya karkata gaba sosai, ko ya riga ya kwanta baya yana neman taɓa shasi, tsawon sifirin bai dace ba, a mayar tun fentinsa bai goge ba.

Ka fita gwaji ba kaya, sannan da kaya. In kana jin kakkarwa a ƙarƙashin kujera lokacin tashi, kusurwar farfela ce ta canza. Ana gyarawa da 'yar faranti a ƙarƙashin mariƙin farfela na tsakiya, ko siririn ƙarfe mai gangara a mazaunin aksul. Da dare ka haska bango ka saita fitilu, domin ɗaga baya yana duƙar da su. Bayan kamar kilomita 500, ko zuwa Bokkos da dawowa sau biyu uku da kaya, ganyayen za su gama zama a kan juna kuma yu-bol zai ɗan saki. Ka koma a sake ɗaure su, sannan ka ɗauko takardar awon farko ka sake auna ƙafa huɗun a kan daɓen da ka fara.